Karen da Na Ɗauko Daga Meziko Yana da Mai Shi

Anti Gwen, don Allah ki agaza mini da shawara. Kwana tara ke nan na kasa cin abinci.

Ni ma'aikaciyar jinya ce da ta yi ritaya a nan Winnipeg, ƙasar Kanada. Shekara shida ina aikin sa kai da wata ƙungiyar ceton karnuka. Muna da abokan aiki a wani ƙaramin gari na bakin teku a Meziko. Su ke jinyar karnukan titi da aka azabtar, su yi musu allurai da takardu, mu kuma mu rako su a jirgi mu sama musu gida a nan. Karnuka arba'in da ɗaya na rako, kuma duk wanda ya zauna kusa da ni a coci sai ya ji wannan adadin.

A watan Fabrairu muka je tare da shugabarmu, Lorna. Muna wucewa ta bayan kasuwar kifi sai ga wani kare mai baƙi da fari kwance a gindin bango, bayansa duk tabon ƙuna, ko gashi bai sake fitowa a wurin ba. Ba komai a wuyansa. Kin san mu a nan, karen da ba abin wuya, ba igiya, to ba shi da kowa. Na miƙa hannu ya taho yana kaɗa wutsiya, ni da kaina na sungume shi na sa a mota. Likitar dabbobin da muke aiki da ita can, Itzel, ta ce a dakata kwana goma a tambayi 'yan unguwa, don a garinsu kare kan fita yawonsa da safe ya koma gida da yamma, wannan kuma ya yi ƙiba da yawa a ce na titi ne. Lorna ta ce kwana huɗu ya rage mu tashi, kuma in ba a yi masa takarda ba, to sauran karnuka shida da muka je ɗaukowa ma su zauna. Na goyi bayanta. Har tsaki na ja wa Itzel, Anti, a cikin asibitinta.

Sai maganar hoton, wadda ita ce ta fi tsaya mini a maƙoshi. Lorna na da ƙa'ida, ba a yi wa kare wanka sai an ɗauke shi hoto. Ta sa na riƙe shi a bakin kwata, ta jira har ya sunkuyar da kai. Ta rubuta a shafinmu na intanet wai wani mugu ne ya kwara masa tafasasshen mai don nishaɗi. Ba wanda ya faɗa mata haka, daga cikinta ta ƙago. Jama'a suka yi caa a kan mutanen garin, ana ce musu marasa imani, ni kuma ina biye musu. Tir!

Mako guda bai cika ba da dawowarmu wata dattijuwa mai suna Doreen, wadda mijinta ya rasu bara, ta karɓe shi. Ta raɗa masa Murphy, ta saƙa masa rigar sanyi. Matar da ko ƙofar gida ba ta leƙawa, yanzu sau biyu a rana take zaga unguwa da shi.

To, makon jiya Itzel ta aiko mini da saƙo. Sunan karen Pinto. Na wani tsoho ne mai suyar kifi, Don Eusebio, shekara takwas suna tare. Kaskon mai ne ya kife shekara uku da suka wuce, ya ƙona karen, ya ƙona ƙafar tsohon, kuma shi ya yi jinyar karen kafin ma ya kula da tasa ƙafar. Wata huɗu ke nan yana bin juji da gefen kwalta yana neman gawarsa, a zatonsa mota ce ta take shi. Ya zo asibitin da hoton karen a aljihu. Itzel ta kasa faɗa masa, ta ce sai mu da muka yi ɓarnar mun ce ga abin da za mu yi.

Lorna ta ce in ja bakina in yi shiru. Wai kare ya samu katifa da likita, a can kuwa ƙayar kifi yake ci, kuma in maganar ta fasu ƙungiya ta mutu, karnuka da dama su halaka. Ina ƙyamarta, ina ƙyamar hoton nan, amma duk wadda na fi ƙyama ita ce ni. Har na fara tambayar kaina, cikin arba'in da ɗayan nan nawa muka ceto, nawa muka sato? In yi shiru ne, ko in je in karya wa Doreen zuciya?

Mai Rakiya, Winnipeg

Mai Rakiya,

Sannu da wannan nauyi. Ƙyamar da kike ji tana kan hanya, amma ƙin cin abinci ba zai amfani kowa ba. Ki ci, akwai aiki a gabanki.

Lorna ba ta yi ƙarya a komai ba. Akwai karnukan da in ba don irin aikinku ba da tuni sun mutu, kuma ba na son ki zubar da shekara shida saboda kare ɗaya. Sai dai katifa ba ta mayar da kayan wani ya zama naka. Kuskuren ɗaukar karen na rashin sani ne. Toshe bakin Itzel da ƙaga wa mutum sharri kuwa da gangan aka yi. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kun je garin mutane kun ƙi jin ta bakinsu, sannan kuna kiran abin haɗin gwiwa.

Ki je gidan Doreen da ƙafarki, ba ta waya ba, ki faɗa mata komai tun kafin ta ji a bakin wani. Ba ta yi laifin komai ba, kada ki ɗora mata yanke hukunci. Hukuncin na Don Eusebio ne. Zai iya cewa a bar mata, zai iya cewa a dawo masa da abinsa. In ya ce a dawo, a dawo, sannan ki tsaya wa Doreen har ta samu wani kare, wanda aka tabbatar ba shi da kowa.

Ki rubuta wa kwamitin ƙungiyar ku cewa a sauke labarin ƙaryar nan, a nemi gafarar mutanen garin, kuma daga yau ba karen da zai hau jirgi sai ya cika kwana goman Itzel. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. In suka ƙi, akwai ƙungiyoyin da za su yi maraba da ke. Ita ma Itzel tana bin ki ban haƙuri.

Amma duk waɗannan za su iya kwana. Abu ɗaya ne ba zai jira gobe ba. Akwai tsohon da yau ma zai fita neman gawa. Ki kira Itzel yanzu, ta je ta ce masa karensa na raye.

Allah ya ba ki ƙarfin zuciya, ya sanyaya wa tsofaffin nan biyu.

Anti Gwen