Bles Ya Ƙi Fita Daga Barga

Oostduinkerke, Oktoba 1987

Yaya Godelieve,

Ina gaishe ki. Yaya ƙafar? Yaya haƙurinmu?

Rabon da mu yi doguwar magana tun ranar aurena da ƙaninki Kamiel, da na gaishe ku da harshenku kika yi dariya har shayi ya sarƙe ki. Daga nan ban ƙara gwadawa ba. Shi ya yi mini magana da yarenku na bakin teku, ni in amsa da namu na Groningen, can arewa, haka muka tsufa.

Dokinsa ne ya sa na rubuto. Tun da aka binne Kamiel, Bles ya ƙi fita daga barga. Dokin da ya saba shiga teku har ƙirji yana jan tarun jatan lande, yau ƙafafunsa sun kumbura don tsayuwa. Likitan dabbobi ya ce sai ya riƙa tafiya kullum. Na ja, na lallashe shi, na ba shi karas, sai dai ya juya mini kunne.

Maƙwabcinmu Firmin ya zo ya yi masa magana irin taku, sai ga shi ya bi shi kamar ɗan rago. Amma Firmin yana da nasa aikin. Na ce ya koya mini. Kalma ɗaya na faɗa ya riƙe ciki, wai, "Aaltje, kira kike ko kankare tukunya?"

Ɗana Wannes ya ce ba zai bar dabba ta ruɓe a tsaye ba, dillali zai zo ƙarshen wata. Dokin ya tsufa, ba masuncin da zai saye shi. Kin san inda za a kai shi, mahauta.

Ke kika taso da dawakin babanku. Don Allah ki rubuto mini abin da ake ce musu.

Ƙanwarki,
Aaltje

Diksmuide

Aaltje,

Gaisuwa. Ƙafa tana nan yadda kika san ta.

Ga kalmomin a bayan takarda, amma ban ga amfaninsu ba. Yarenmu ba a rubuta shi, ko limaminmu bai iya ba. Ku 'yan arewa kuna fito da magana daga maƙogwaro kamar kun haɗiyi ƙaya, mu numfashi kawai muke saki, mu haɗiye ƙarshen kalma. Ta yaya zan sa wannan a takarda?

Ki bar Wannes ya yi abin da ya gani. Doki doki ne. Ni ma ƙanina na rasa, ban ce sai na riƙe dabba ba.

Ki riƙa cin abinci. An ce kin rame.

Godelieve

Oostduinkerke

Yaya,

Na gode, Allah ya saka.

Na tsaya gaban Bles da takardarki na karanta har muryata ta dushe. Ko kallona bai yi ba. Jiya ya kwanta, da ƙyar Firmin ya tashe shi.

Kin ce doki doki ne. Yaya, gidan nan ya yi shiru. A kasuwa masu sayar da kifi in sun gan ni sai su koma harshen makaranta, kamar yau na sauka daga jirgi. Ba wanda ke ce mini gernoars maimakon jatan lande, ba wanda ke mitar iska irin ta Kamiel. Shekaru nawa maganar nan tana cikin kunnena, na san kowace kalma, amma in na buɗe baki ba ta fitowa. Ni da Bles ne kaɗai muka rage masu jiran muryar nan. In an tafi da shi, saura ni.

Dillali zai zo Asabar. Ki zo ki zauna kan kujera, ki faɗa in maimaita. Ni ba ni da sauran kunya.

Aaltje

Diksmuide

Aaltje,

Ina tafe Laraba, jirgin ƙasa na rana. Ki aiko Firmin da amalanke, ba zan iya yashin nan da sanda ba. Ki dafa dankali, kada ki cika masa gishiri.

G.

Oostduinkerke, Juma'a

Wannes ɗana,

Ina gaishe ka da iyali.

Ka ce wa dillali kada ya zo. Gwaggonka tana nan, ta zaunar da ni gaban barga tun shekaranjiya tana mini tsawa, "Saki maƙogwaron, baiwar Allah! Kamar kina hura miya!" Yau da hantsi Bles ya fito daga barga ya bi ni har bakin ƙyauren gida. Ni na kira shi, ita tana cikin ɗaki.

Da na ji maganar babanka ta fito daga bakina sai na zauna a ƙasa, shi kuma ya tsaya yana jirana.

Ba mu kai teku ba tukuna.

Mahaifiyarka