Ƙauyukan Ayuttaya da Yaya Sani

Daren Talata, Nuzla, Jidda

Yau wata tsohuwa 'yar Tailan da ta zo umra ta shigo shagonmu sayen darduma. Na tambaye ta garinsu, ta ce wani ƙauye ne a gefen Ayuttaya. Sai da na nemi kujera na zauna.

Can Yaya Sani ya kai ni zamanin da muke zuwa Bankok sarin kaya. Muka ɗauki hayar kekuna muka ratsa gonakin shinkafa, ga tsofaffin haikalan jan bulo, saiwoyin itatuwa sun nannaɗe su. Na ce, "Yaya, me ya kawo mu wurin gumaka?" Ya ce, "Kai dai dubi yadda mulki yake ƙarewa." La'asar ta riske mu a wani ƙauyen Musulmi a bakin kogi. Suka ba mu ruwan alwala da shinkafa da kifi, ba mai jin yaren wani.

Ya sha cewa za mu koma. Yanzu yana kwance a unguwar Aziziyya, shanyewar jiki ta hana shi magana. Ni kuma iƙamata, takardar izinin zama, ta ƙare, in na fita ƙasar halas, ba dawowa.

Da na rufe shago na je na ba shi labarin tsohuwar. Ya riƙe hannuna, ya daɗe bai saki ba.