Wanda Ya Aske Mini Kai Yana Neman Ƙuri'ata

Tanti, don Allah ki taimake ni, na rasa wanda zan faɗa wa. Ina gyaran kifi a wata ma'aikata nan Kwatano, ni kaɗai a ɗakin haya. Shekara uku da suka wuce kwamitin unguwarmu ya ce duk macen da ke zaman kanta karuwa ce. Da rana tsaka suka tare mu a ƙofar ma'aikata, mu tara. Shugabansu, Hounkpatin, ya take mini wuya, ya aske mini kai da fasasshiyar kwalba, mutane na kallo. Haƙorana biyu suka zube. Ɗaya daga cikinmu, Senami, tana da ciki, suka yi ta dukanta har ya ɓare. Gaskiya biyu cikinmu suna wannan sana'ar, ni kuwa ban taɓa ba, amma wa ya tambaya?

Yanzu an ce zaɓe ya zo, kuma Hounkpatin na takara. Wata ƙungiyar mata na so in cire ɗankwali a taronsu na ranar Asabar in nuna tabon. Codjo, wanda zan aura, ya ɗauka haɗarin babur ne. Jiya na tarar da reza a bakin ƙofata. Na sayi wuƙa, Tanti, kuma ba don kifi ba.

Mai Tabo, Kwatano

'Yata, fara ajiye wuƙar nan. In kika soke shi, ke za a ɗaure, shi kuma a tausaya masa.

Rezar nan ba wasa ba ce. Koma wurin 'yan'uwa yau, ki nuna wa shugabannin ƙungiyar ita. Ki faɗa wa Codjo da bakinki kafin Asabar. Zai yiwu ya ja baya, amma gara ki san halinsa tun yanzu.

In kika yi shiru ba ki yi laifi ba, jikinki ne ya sha wuya. In kuma za ki yi magana, kada ki tsaya ke kaɗai. Nemo sauran takwas ɗin, ku rubuta abin da ya faru a gaban lauya. Har da biyun nan, don su ma ba wanda ke da ikon taka musu wuya.

Ranar zaɓe kuwa ba mai leƙa takardar ƙuri'arki. Allah ya tsare ki, ya ba Senami haƙuri.