Baba Ya Ce Ka Sayi Gidan

Anka, Jihar Zamfara
Satumba, 2018

Zuwa ga ƙanena Zayyad,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sa kuna lafiya kai da matarka Muhsina, Ya kuma sa albarka a digiri na biyu da ka fara a Zariya. Mu ma da sauƙi. Inna ce dai ke fama da ciwon ƙafa, amma tana shan magani.

Na san ka ji a waya cewa mun baro ƙauye, sai dai ba a gaya maka duka ba. Bayan 'yan bindiga sun sake shigowa, kowa ya watse. Muna nan Anka gidan Kawu Dikko, mu da yara a ɗaki ɗaya, Baba yana kwana a zaure. Geronmu ya nuna a gona, ba mai zuwa yanka shi.

Ka tuna da ka zo da salla kana neman shawara, ko ka kama haya, ko ka tattara abin da ka tara a koyarwa ka sayi ƙaramin gidan ƙasa da aka nuna maka a bayan Samaru. Baba ya hana. Ya ce baƙo raɓa ne, haya ta ishi ɗalibi, kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Ya kama hannunka ya nuna maka sashen da ya gina maka, har da bishiyar lemon da ya dasa a ƙofa. Ka bi maganarsa ba musu.

Makon jiya Baba ya matsa sai ya gano gida. Makau ɗan Kawu Dikko ya kai shi a babur. An kwashe kwanon rufin sashenka, an ɓalle ƙofofi, an ƙone rumbuna. Makau ya ce Baba ya zauna bakin ƙofar ya daɗe. Da ya dawo bai ci tuwo ba. Da safe ya kira ni, ya ce in rubuta maka, don bakinsa ba zai iya faɗa a waya ba. Ya ce in gidan Samarun yana nan ka saye shi. Bijiman huɗa biyu da muka tsira da su zai sayar ya cika maka.

Na tashi zan fita sai ya sake kirana. Ya ce in tambaye ka ko akwai masallaci kusa da gidan, don shi yanzu ba ya iya tafiya mai nisa. Zayyad, mutumin da ko Gusau bai yarda ya kwana ba. Sai da na shiga bayan ɗaki na yi kukana.

Inna tana gaishe ku, haka Kawu Dikko da matarsa Barakatu da yara. Ka gaida Muhsina da kyau. Allah Ya kawo mana sauƙi.

Yayarka,
Saudatu