Ledojin Auta

Litinin, 2 ga Yuni
Auta ta dawo daga sakandare, jakarta cike da ledojin da ta tsinto a hanya, littattafan kuma rungume a ƙirji. Tun da ambaliya ta tafi da ƙawarta a kwalbatin bakin makarantarsu, ba ta iya wuce leda a ƙasa. Allah Ya jiƙan yarinyar nan. Takalminta aka fara gani.

Laraba, 4 ga Yuni
Ba ta taɓa abinci ba. Na ce, "Auta, rai na Allah ne, kwananta ne ya ƙare." Ta ce, "Na sani, Umma. Amma shara ce ta toshe kwalbatin, kuma mu ne muke zubarwa in an tashe mu."

Lahadi, 8 ga Yuni
Yayanta yana tsokanarta: "Ranki ya daɗe, shugabar bola!" Da can da tuni ta bi shi da tsintsiya. Yau kallonsa kawai ta yi. Ya ce 'yan ajinsu da suka fara tsintar tare da ita duk sun daina, da ma don malami ya gan su suke yi.

Talata, 10 ga Yuni
Hadari ya haɗo. Auta na bakin taga, ta ƙi matsawa.

Juma'a, 13 ga Yuni
Na yi mata faɗa, ni da ba na ɗaga murya. Ta ce, "Umma, ke in kin ga takarda mai sunan Allah a ƙasa, kina iya tsallake ta?" Na ce ba ɗaya ba ne. Har yanzu ina ganin ba ɗaya ba ne. Amma abin nan da ke riƙe ƙafar mutum, na san shi tun muna makarantar allo.

Alhamis, 19 ga Yuni
Na riga ta fita, na ce wa babansu kasuwa za ni. Kasuwar na je, ban yi ƙarya ba. Ta hanyar makarantarsu dai na bi, na kwashe abin da na gani. Don kawai ta isa aji da hannu mai tsabta. Da ta dawo ta ce yau hanya fes take, har ta ci rabin kwano.

Ina sallar la'asar aka fara yayyafi. Akwai wata baƙar leda da ta maƙale can ƙasan kwalbatin, da safe hannuna bai kai gare ta ba. Ban san raka'a nawa na yi ba.