Tsohon Safiyo da Dabinon Masallaci

Hajiya Lantana, don Allah ki taimake ni da shawara. Yau Talata, goma sha ɗaya ga watan azumi. Kumburin ƙafa ya ɗan saɓe, amma jiri bai sake ni ba, hannun ma rawa yake yi, sai ki yi haƙuri da rubutun.

Ni tsohon safiyo ne. Da mu aka auna garin nan tun yana daji, muna jan sarƙar awo cikin rana da azumi a bakinmu. Shekara sittin da uku ban taɓa shan azumi ba. Matata Hadijatu ta rasu shekara huɗu ke nan, yara kuwa kowa na inda aiki ya kai shi, sai dai waya.

Bana likita ya hana ni azumi saboda ciwon sukari da ƙoda. Na ce masa to, na dawo gida na yi uku a ɓoye, na ajiye maganin rana. Ran na huɗu na faɗi a bakin famfo, maƙwabciyata Lucy ce ta tsince ni. Tun daga nan nake cin abinci da rana, ƙofa a rufe kamar ɓarawo. Har kofin nake wankewa in kife, alhali ba mai shigowa.

Ga abin da ya hana ni sukuni. A masallacin unguwarmu ana shimfiɗa tabarma kafin magariba, a jera dabino da ƙosai da kunun tsamiya. Na je sau ɗaya bayan faɗuwar. Da aka kira salla wani ya miƙo mini dabino yana yi mini barka da shan ruwa, ni da na ci shinkafa da azahar. Hannuna ya ƙi karɓa. Na ce na yi mantuwa a gida, ban sake komawa ba. Daga ɗaki nake jin tafsiri ta lasifika: an buɗe ƙofofin rahama, ba a mayar da addu'ar mai azumi lokacin buɗa-baki, akwai ƙofar Aljanna ta masu azumi kaɗai. Sai in tashi, in zauna, in leƙa taga. Wataƙila wannan ne watana na ƙarshe, ga shi ana rabo ina waje.

Na san akwai ciyarwa. Amma ban so in auna hatsi in aika ba, na so in ga mai azumi ya sha ruwa a gidana, ko na samu in ce amin. Na roƙi Nazir, wani magidanci da ke leburanci a ginin bayanmu, ya riƙa zuwa shan ruwa. Lucy ke yin tuwon, ita da ba ta azumi ta fi ni kiyaye lokacin magariba. Ya zo kwana biyu. Jiya ban gan shi ba. Yau ma na yi shimfiɗa, na ajiye ruwa, an kira salla, an idar. Tuwon ya huce. Bai zo ba.

Tsohon Safiyo, Kwali

Baba, Allah ya ƙara sauƙi, ya jiƙan Hajiya Hadijatu.

Da farko, kada ka sake ajiye magani. Wanda ya wajabta azumi shi ne ya ɗauke wa mara lafiya, kuma yana son a karɓi sauƙinsa kamar yadda yake son a bi umarninsa. Shekara sittin da uku ka yi masa biyayya da barin abinci, bana biyayyarka ita ce ka ci. Malamai sun karantar da mu cewa wanda ciwo ya hana shi ibadar da ya saba, ana ci gaba da rubuta masa ladanta. Ba a waje kake ba. Karatu, istigfari, sadaka, neman daren Lailatul Ƙadri, babu wanda likita ya hana ka.

Kunyar da ta kama hannunka ban raina ta ba, gudun ƙarya ce, kuma hali ne mai kyau. Amma ka duba inda ta kai ka: ta raba ka da jam'i, ta kulle ka a ɗaki. Maganinta magana ɗaya ce. Ka gaya wa liman gaskiya. Za ka tarar ba kai kaɗai ne dattijon da ke shan magani da azahar a sahun masallacinku ba.

Nazir kuma ka yi masa uzuri. Mai yiwuwa aiki ya koma wani wuri, ko yana son shan ruwa cikin iyalinsa, ko nauyin zama gaban dattijo yake ji. Ka aika a dubo lafiyarsa. In iyali ne, ka ba shi hatsin ya kai gida, ciyarwarka ta yi. Yawan abin da za ka auna, liman zai faɗa maka.

Amma Baba, ba mabuƙaci kawai kake nema ba, abokin zama kake nema, kuma ba laifi ba ne. Ka faɗa wa yaranka cewa ka faɗi, haƙƙinsu ne su sani. Ka gode wa Lucy, irinta ba ta da yawa. Gobe in ta sauke tuwon, a taya ka ɗauka zuwa masallaci tun da sauran rana. Ka zauna a bakin tabarma, farantin dabino a gabanka. In an kira salla, kai za ka miƙa. Duk wanda ya buɗa baki da abin hannunka kana da irin ladansa, kuma amin ɗin da kake nema za ka faɗe shi har ka gaji.

Allah ya ba ka lafiya, ya sa kana cikin bayin da za a 'yanta a wannan wata.

Hajiya Lantana