Jirgin Da Ba Ya Sauka A Yako

Kai mai karatu, tun kafin ka yi nisa bari in ja maka kunne. Maganar nan tsakanina da ɗana ce. Na ajiye ta a fili ne don na san akwai irinsa a gidaje da yawa. Kada wani ya zage shi a ƙarƙashin rubutun nan. Ni na haife shi, ni ke da hurumin yi masa faɗa. Idan kana da tsoho a gida, ka karanta ka duba kanka.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyalinka da abokan aikinka. Mu ma nan Yako muna godiya ga Allah.

Ka san ban taɓa kiran sunanka ba, domin kai ne ɗan fari, kuma ba yau zan fara ba. Kunyar nan ce ta hana ni buɗe baki in ce maka ka zo gida, sai dai in bi ta bakin ƙanwarka Hadiza. Na lura saƙon da ya bi ta bakin ƙanwa ba ya da nauyi a wurinka. Shi ya sa na zauna na rubuta da kaina.

Labarin naɗa ka shugaban sashe ya iso mu, na kuma yi maka murna. Ban manta zuwan da na yi jami'arku ba kana sabon malami. Sashen injiniyan injina da jiragen sama da kake ta yabo, ashe ɗakuna ne na aro a bayan wani gini, da tsohon injin mota a kan tebur, ɗalibai sun kewaye shi suna leƙe. Da hannun rigarka ka share mini benci na zauna.

Yanzu Hadiza tana nuna mini bidiyon da kake turowa. Na ga sabon bene. Na ga ɗakin da kuke hura iska mai ƙarfi a kan fiffike don ku ga yadda zai yi a sama. Na ga ƙananan jirage marasa matuƙi da ɗalibanku suka haɗa don feshin gona, har da 'yan mata cikin hijabi riƙe da sukudireba. Karatuna a sakandare ya tsaya, amma na san abin nan ba ƙaramin aiki ba ne, kuma da guminka a ciki. Ba zan rage maka komai ba.

To amma ka san abin da mutanen garin nan suka fahimta da aikinka? Tunda suka ji an ce jirgin sama, shi ke nan, a wurinsu kai direban jirgi ne. Na yi bayani a gidan suna, na yi a gidan biki, cewa koyarwa kake yi da ƙere-ƙere, ba ka tuƙa komai sai motarka. Ba wanda ya saurare ni. Duk jirgin da ya gifta ta saman gari, sai masu zama a ƙofar gida su ce wa mahaifinka, “Malam, ga ɗanka nan zai wuce.”

Da can Malam dariya yake yi, ya ce su bar shi da zolaya. Yanzu ba ya dariya. Tun da idonsa ya rufe, tunaninsa kuma ya fara rikicewa, ya ɗauki maganar da gaske. Da ya ji ƙugin jirgi sai ya ɗaga hannu sama, ya riƙe shi a haka har ƙarar ta ɓace, yana cewa Allah ya sauke ka lafiya. Sannan ya aiko a ce mini in ƙara tuwo, wai kana tafe.

Ranar Juma'ar da ta wuce na kai masa ruwan alwala, ya tambaye ni, “Kina ganin ya ga hannuna kuwa?” Na ajiye butar na koma ɗaki.

Za ka ce ai kana bugo waya. Gaskiya ne, kana bugowa. Amma ba ka san abin da ke biyo bayanta ba. Idan Hadiza ta kanga masa wayar a kunne ya ji muryarka, a wurinsa kana zaure ne, kunya ta hana ka shigowa. Ana kashewa sai ya miƙe yana lalube bango zai je ya shigo da kai. A haka ya faɗi kan dokin ƙofa da damina, ya bugu a gwiwa, har yau ba ta saki ba. Kai ka ajiye waya ka koma taro, mu ne ke zama da shi har la'asar muna lallashi.

Kullum akwai dalili. Yau masu duba ingancin karatu za su zo, gobe za a girka sabon inji, jibi jarrabawa. Ban ce ƙarya kake yi ba. Sai dai sashen nan yana da malamai da yawa yanzu, da bakinka ka faɗa kana alfahari. Malam kuwa ɗa namiji ɗaya gare shi. Mutumin nan shi ya riƙa goya ka a keke zuwa makaranta a Kiru, ya koma gona da rana tsaka. Ilimin da bai koya wa mutum durƙusawa gaban mahaifinsa ba, da sauransa.

Gidan ya yi mana girma. Ƙannenka mata duk suna ɗakunansu, Hadiza ma da yamma take komawa nata. Daga magariba ni da shi ne kawai, sai rediyo. Wani lokaci ni ma, da na san gaskiya sarai, in na ji jirgi sai in tsinci kaina na dakata da tankaɗe. Ina kewarka, yaron nan. Ban taɓa faɗa ba, yau na faɗa gaban jama'a.

Allah ya ƙara ɗaukaka sashenku, ya sa jiragenku su tashi lafiya su sauka lafiya. Allah ya yi maka albarka, ya ba ka 'ya'yan da za su nemi inda kake in ka tsufa, ya sa ka riski mahaifinka yana iya gane muryarka.

Ni ce mahaifiyarka, kuma ga dokar da na kafa, na riga na sanar da ƙannenka. Daga yau ba za a ƙara kanga wa Malam waya a kunne ba. In labarinsa kake so, ka kira ni in ba ka. In gaisuwa ce, a gidan nan da ƙafa ake yin ta: ka shigo, ka cire takalmi, ka durƙusa, ka sa hannunka cikin nasa.